Gilashin Gaba na Tsofaffin Manyan Motocin Dogon Zango

Gilashin gaba na tsofaffin manyan motocin dogon zango shi ne gilashin da ke tsakanin direba da hanya a motocin dakon kaya da aka ƙera daga shekarun 1920 zuwa wajen 1980. Abin da ya bambanta shi da na ƙananan motoci shi ne ya daɗe a miƙe ba lanƙwasa, a tsaye kusan ƙiƙam, kuma a rabe gida biyu da sandar ƙarfe a tsakiya, tun bayan da ƙananan motoci suka koma gilashi guda mai lanƙwasa. Mai kallo na iya ɗaukar wannan a matsayin ci-baya. Amma lissafi ne na mai mota, wanda ya san cewa tsakuwa za ta fasa gilashin ko ba daɗe ko ba jima, kuma sau da yawa a wurin da babu dillalin kamfani.

Irin gilashin

Motocin farko gilashin taga aka riƙa sa musu, irin wanda in ya fashe yake tashi da tsini yana yanka mutum. Mafita biyu aka samu, kuma kowacce ta yi zamaninta.

Ta farko ita ce gilashi mai ruɓi: falle biyu da aka manne da siririyar leda a tsakaninsu, ta yadda ko ya tsage ɓaraguzan za su zauna a jikin ledar. Masanin sinadarai ɗan Faransa Édouard Bénédictus ne ya yi wa dabarar rajista a 1909, aka sayar da ita da sunan Triplex. Ledar farko ta seluloyid ce, rana na mayar da ita ruwan ɗorawa, har sai da aka maye gurbinta da wata leda mai suna PVB a ƙarshen shekarun 1930. A 1966 masu ƙera motoci a Amurka suka ninka kaurin ledar zuwa milimita 0.76, don kada kan mutum ya huda gilashin in an yi karo.

Ta biyu ita ce gasasshen gilashi, wanda ake zafafawa sama da digiri 600 sannan a huce shi nan take da iska. Ya fi ƙarfi, ya fi araha, shi ya sa Turai ta riƙe shi a gaban mota har cikin shekarun 1970, alhali Amurka ta daɗe da tsayawa kan mai ruɓi. Aibinsa a hanya ake ganinsa. Ƙaramar tsakuwa ɗaya ta isa ta sa fallen gaba ɗaya ya rikiɗe fari fat da tsage-tsage cikin ƙiftawar ido, direba na tafe da lodi bai ga komai. Abin da direbobi suka saba yi shi ne su naushi wurin da ke daidai fuskarsu su yi rami, su samu su gangara gefen titi. Daga baya aka fito da wanda aka gasa shi ta yadda ɓangaren da ke gaban direba zai fashe da manyan ɓaraguzai da za a iya hangen hanya ta cikinsu.

Dalilin raba shi biyu

Lanƙwasa gilashi sai da zubi na musamman: a ɗora fallen a kan ƙarfen da aka yi wa siffar da ake so, a sa a tanda har ya yi laushi ya kwanta. Kamfanin da ke fitar da ƙananan motoci dubu ɗaruruwa zai mayar da kuɗin zubin ba wahala. Mai ƙera manyan motoci kuwa, wanda wani lokaci kafinta ne ke haɗa masa kan motar da katako, ba shi da wannan sararin. Falle biyu miƙaƙƙu da aka karkata su kaɗan suka haɗu a tsakiya sun ba shi rabin amfanin lanƙwasa ba tare da kuɗinta ba: iska da ruwan sama na zamewa gefe, kuma hasken fitilun da ke bayan mota ko na cikin kai ba ya dawowa idon direba kai tsaye.

Akwai kuma maganar murɗewa. Shasin babbar mota an yi shi ne ya riƙa murɗawa a kan gargada, kan motar kuma na bin sa. Babban falle guda da aka ɗaure tam a irin wannan jiki tsagewa yake yi daga kusurwa. Ƙananan falle biyu, kowanne zaune cikin robarsa, suna da wurin motsi.

Babban dalilin dai gyara ne. In ɓari ɗaya ya fashe, shi kaɗai za a canza, mutum ɗaya na iya ɗaukarsa, kuma duk mai yankan gilashi da ke da falle mai ruɓi zai fitar da irinsa daga ma'aunin kwali. Abin da direba ya biya a madadin haka shi ne sandar tsakiya da ginshiƙan gefe masu kauri, waɗanda ke iya ɓoye mai keke ɗungurungum a mahaɗar hanya.

Yawancin motocin kafin shekarun 1950 gilashinsu na buɗuwa: an rataye shi da hinji daga sama, a tura ƙasansa waje a ɗaure da ƙugiya. Ta nan iska ke shiga lokacin zafi, kuma ta nan direba ke leƙen hanya in hazo ya yi kauri ko ƙanƙara ta kama gilashin, don hita ba ta zama ruwan dare a manyan motoci ba sai daga baya.

Turai da Amurka

Dokar tsawon mota ta taɓa gilashi fiye da yadda ake zato. Inda doka ta ƙayyade tsawon mota da tirela gaba ɗaya, kowane taku na hancin mota ragi ne a wurin kaya, sai masu ƙira suka ɗora direba a kan injin. A Jamus ta Yamma, dokokin ministan sufuri Hans-Christoph Seebohm na ƙarshen shekarun 1950 sun rage tsawon mota da tirelarta daga mita 20 zuwa 14, suka tura kamfanoni wajen gajeren hanci da kai marar hanci. Mercedes-Benz mai gajeren hanci ta 1959 ta fito da gilashi guda mai lanƙwasa. Da direba ya dawo gaba can, sai gilashi ya zama fuskar motar, ya yi faɗi ya yi tsawo.

Ingila ta bi wata hanya mai ban sha'awa. Kamfanin ERF ya fito da kai samfurin KV a 1954 da falle biyu masu naɗowa har kusurwa, kamfanin Atkinson ma ya riƙe tagwayen gilasai masu lanƙwasa har zuwa motarsa Borderer ta 1970, wato an lanƙwasa amma ba a daina rabawa ba. Kan Ergomatic na Leyland a 1964 shi ya nuna inda aka dosa: falle guda, babba, mai saukowa ƙasa don direba ya ga abin da ke dab da bamba. Hanyar yin gilashi a kan narkakkiyar kuza da kamfanin gilashi na Pilkington ya sanar a 1959 ta taimaka, don ta sauƙaƙa samun manyan falle masu santsi ba sai an goge su ba.

Amurka ce ta fi riƙe tsohuwar ƙira. Kenworth W900 ta 1961 da Peterbilt 359 ta 1967 duk miƙaƙƙen gilashi biyu gare su. Tashin farashin mai na 1973 ya sa aka fara lissafin yadda iska ke tokare mota, har Kenworth ta fito da T600 mai gangaren hanci a 1985. Duk da haka Peterbilt 379 ta ci gaba da rabebben gilashinta har aka daina ƙera ta a 2007. A wannan matakin, gaskiya, son ido ya fi hujjar injiniya yawa: direbobi masu motar kansu haka suke son fuskar mota ta kasance.

Waifa, rumfa da raga

Waifar farko da hannu ake kaɗa ta. Wadda ta biyo baya tana aiki da zuƙar injin fetur, kuma tana da mugun hali: da an taka totur a hawan tudu zuƙar ta ragu, sai waifa ta tsaya cak daidai lokacin da ake buƙatarta. Injin dizal ba ya ba da irin wannan zuƙa, don haka manyan motoci da yawa suka koma ɗibar iska daga tankin birki. Kowane ɓari da ɗan injin waifarsa da maɓallinsa, shi ya sa ake ganin waifofin tsohuwar mota kowacce na kaɗawa a nata lokacin, suna huci. Faffaɗan gilashin da bai da tsawo sosai kuma kan buƙaci waifa uku.

Gilashi a tsaye na shan rana, sai aka riƙa kafa masa rumfar ƙarfe ko ta roba mai duhu daga waje. A hanyoyin tsakuwa na cikin Ostireliya, da hanyar Turai zuwa Gabas ta Tsakiya da ta bunƙasa a shekarun 1970, ana ƙara ragar waya a gaban gilashin saboda duwatsun da tayoyin mota mai zuwa ke watsowa.

Ɗaurawa da gyara

Gilashin motocin yanzu da gam ake manne shi, ya zama wani ɓangare na ƙarfin kan motar. Na da a roba yake zaune. Ana naɗa robar a bakin gilashin, a cusa igiya cikin kwarinta har ta zagayo, a shafa ruwan sabulu. Mutum ɗaya na waje yana danna gilashin da tafin hannu, ɗaya na ciki yana jan igiyar sannu a hankali, leɓen robar na haurawa kan bakin ƙarfe har a kammala zagaye. Wata robar kuma sai an cusa mata siririn zare na roba a tsakiya ya buɗa ta ta kama.

Masu farfaɗo da tsofaffin motoci sun san alamun tsufa: gefen gilashi mai ruɓi na yin fari kamar madara inda danshi ya shiga tsakanin falle da leda, roba na bushewa ta tsattsage, tsatsa na cin ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Miƙaƙƙen falle ba matsala ba ne. Ana zana shi da abin yanka ta fuska biyu, a karya, a ɗumama ledar tsakiya a yanke ta da reza. Gasasshe ba ya yankuwa sam, sai an yanka kafin a gasa. Mai lanƙwasa shi ne ciwon kai, don in zubinsa ya ɓace sai an sake ƙera wani, abin da kan sa masu irin mota ɗaya su haɗa kuɗi su yi oda tare. Kafin a saya kuma ana duba tambarin inganci da ke kusurwa: AS1 a tsarin Amurka, ko harafin E cikin da'ira tare da 43R a tsarin Turai.