Bayyana ikon na'urar DMA a direbobin Linux

DMA hanya ce da kwamfuta ke kwashe bayanai tsakanin ma'adanarta da sauran na'urori ba tare da firosesa ya ɗauki kowane bait da kansa ba. Wani ɗan guntun lantarki ne ke wannan dako. Firosesa ya ba shi umarni kawai, ya koma kan aikinsa, sai an gama a sanar da shi. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta zo da Intel 8237 mai tashoshi huɗu, samfurin AT na 1984 kuma ya haɗa guda biyu. Iyakar na AT ɗin megabait 16 na farkon ma'adana, kuma har yau Linux na keɓe wannan yanki da sunan ZONE_DMA saboda tsofaffin na'urori.

Guntayen yanzu kowanne da halinsa. Shi ya sa tsarin dmaengine, sashen da ke kula da guntayen DMA, wanda ya shiga Linux 2.6.18 a 2006, ya ɗora wa kowane direba, wato manhajar da ke sarrafa na'ura, nauyin faɗin abin da na'urarsa za ta iya tun kafin a yi mata rajista. Ana rubuta wannan a cikin cap_mask, jerin ayyukan da na'urar ta iya, ta amfani da umarnin dma_cap_set. DMA_MEMCPY na nufin kwafi daga ma'adana zuwa ma'adana, DMA_SLAVE hidima ce ga wata na'urar aika bayanai irin SPI ko UART. DMA_XOR da DMA_PQ na lissafin RAID ne, wato haɗa faifai da yawa don kare bayanai. DMA_CYCLIC kuwa yana zagaya rumbu ɗaya na ma'adana ba tsayawa, abin da sauti ke buƙata ke nan.

Faɗa da baki bai isa ba. Idan direba ya ce ya iya kwafi amma bai tanadi device_prep_dma_memcpy mai shirya kwafin ba, dma_async_device_register mai yin rajistar zai ƙi karɓarsa.

Inda aka fi samun tuntuɓe shi ne ƙananan bayanan da ba a iya tantancewa wurin rajista: faɗin bayanan da na'ura ke ɗauka a tashi ɗaya (misali bait 1, 2, 4 ko 8), alƙiblar da take turawa, da residue_granularity, wato yadda take iya faɗin abin da ya rage a tsakiyar aiki. Wata sai ta kammala dukan aikin take sani, wata tana ƙidayawa kashi-kashi, wata kuma kusan kowane motsi. Sashen sauti na ALSA yana tambayar waɗannan ta dma_get_slave_caps, da su yake zaɓar nau'in sautin da zai yarda da shi da yadda zai bi sawun inda aka kai. Direban da ya yi ƙari a nan, rajistarsa za ta wuce lafiya lau, sai daga baya a ji sauti na yankewa, a yi ta neman laifin a wani wuri.

A allunan ARM, irin masu ɗauke da guntun DMA na PL330, bayanin wace na'ura ke kan wane layi ba ya cikin direba. Yana cikin fayil ɗin da ke siffanta allon, ƙarƙashin dmas da dma-names.