Obalodi: ba tsayin kaya ba ne, nauyi ne

Duk lokacin da tirela ta faɗi a hanyar Apapa ko Ojuelegba a Legas, kalma ɗaya za ka ji a rediyo da bakin 'yan siyasa: obalodi. Abin da ke damuna shi ne da ido suke auna shi. Sun ga kaya ya yi tsiri sama, shi ke nan an yanke hukunci.

To, motar da ta yi lodin jarkoki marasa komai har sama tana iya zama ba ta ɗauki rabin ƙarfinta ba. Wadda ta shimfiɗa rodi ko siminti, kayan ko gefen bodi bai kai ba, ita ce sau da yawa ta wuce ƙa'ida.

A dokar kiyaye lafiyar motoci, kamfanin da ya ƙera mota shi ke faɗin iyakar nauyinta idan an yi mata lodi. Duba jikin ƙofar direba a motar tokumbo da ta fito daga Amurka, za ka ga an rubuta GVWR da lamba. Wannan lambar ta haɗa komai: ita kanta motar, man da ke tanki, direba, fasinja da kaya. A can har kilo 68 ake lissafa wa kowace kujera. Don haka in ɗan kamasho a Mile 12 ya ce maka "tan talatin ce", buhun siminti 600 ke nan, tambaye shi: da nauyin motar ko ban da shi?

Inda aka fi cutar mu kuwa shi ne rabon nauyin a kan kowane layin tayoyi, domin shi ma yana da tasa iyakar. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in ka ninka nauyin da ke kan layi ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan kai kusan ninki 16. Shi ya sa titi sabo yake lotsawa kafin damina biyu, birki kuma ya ƙi kamawa a gangaren gada. Ni dai ban yarda a tsare direba ana ce masa obalodi ba, alhali ba a hau da motarsa kan sikeli ba.