Shin Dole Sai Turken Kankare Ya Taɓa Dutse?

An daɗe ana faɗa a wuraren gini a Kaduna cewa turakun kankare da ake zubawa a ƙarƙashin gada ko dogon bene ba su da ƙarfi sai sun sauka kan dutse. Ba laifin masu faɗa ba ne, domin akwai turakun da haka suke aiki.

Amma akwai waɗanda ba sa isa dutse. Ana huda rami mai zurfi, a tura kunun siminti da ƙarfin famfo, a saka rodi. Kunun yana cike kowace kafa, ya manne da ƙasa. Wannan riƙo na gefe, daga sama har ƙasa, shi ke ɗaukar nauyin. Ka tuna turken akuya: ba dutse ya riƙe shi ba.

Sai dai fadamar bakin kogin Kaduna daban, jar ƙasar tudu daban. Don haka a nemi injiniya ya nuna sakamakon gwajin ƙasa, da na ɗora wa turke nauyi, da na ƙarfin kankare bayan kwana 28.

Don Allah a tura wa magina da masu shirin gini.