Waiwaye: Wata Goma Sha Ɗayan da Masu Karatu Suka Yi Suna Jiran "The Return of the King"

Ranar 11 ga Nuwamba 1954 kamfanin ɗab'i na George Allen & Unwin da ke Landan ya fitar da juzu'i na biyu na The Lord of the Rings, littafin J.R.R. Tolkien. Juzu'in ya ƙare a wuri mafi muni ga mai karatu. Wata ƙatuwar gizo-gizo ta harbi Frodo, wanda aka ɗora wa nauyin kai zoben tsafi inda za a hallaka shi, dakarun abokin gaba sun ɗauke shi da ransa zuwa cikin hasumiya, an rufe ƙofa, an bar abokinsa Sam a waje. Juzu'i na uku, The Return of the King, bai fito ba sai 20 ga Oktoba 1955. Tsakanin na farko da na biyu mako 15 ne kacal, tunda na farkon ya fito 29 ga Yuli 1954, saboda haka babu wanda ya shirya wa jiran wata goma sha ɗaya.

Labarin kansa kuwa a kammale yake tun kusan 1949. Ba ƙarshen labari ake jira marubucin ya ƙago ba, kamar yadda ake fama da wasu marubutan irin wannan fanni a yau. Abin da ya riƙe littafin daban ne, kuma sai an koma ga yadda aka yi aka raba shi gida uku kafin a gane.

Tolkien labari guda ya rubuta, ya kasa shi kashi shida a ciki. Ya fara a ƙarshen 1937, bayan littafinsa na baya, The Hobbit, ya samu karɓuwa kamfanin ya nemi ci gaba. Da ya gama sai ya kafe cewa a buga shi tare da The Silmarillion, tarihin farkon duniyar da ya ƙirƙira. Allen & Unwin suka ƙi, ya koma ga kamfanin Collins, aka shafe kusan shekara biyu ana ja-in-ja a kan tsawon littafin, maganar ta watse, ya dawo gida a 1952. A lokacin takarda na da tsada a Ingila, domin ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yaƙi ba. Rayner Unwin, ɗan mai kamfanin, ya yi lissafi ya ga za a iya asarar fam dubu. Mahaifinsa Stanley Unwin ya ce masa in dai ya yarda aikin na gwani ne, to ya je ya yi asarar. Sai aka rage kasadar ta hanya biyu. Ta farko, ba a ba marubucin ko sisi a gaba ba, an dai yarda in an mayar da kuɗin bugu a raba riba biyu. Ta biyu, aka raba littafin juzu'i uku, kowanne sule 21, wato fam ɗaya da sule ɗaya, yadda in na farko bai shiga kasuwa ba za a rage yawan na gaba. Wanda ya saba sayen littattafan hikaya na kasuwar Kano, inda kuɗin bugu kan sa a fitar da labari kashi-kashi, ya san wannan lissafin.

Adadin kwafin da aka buga ya nuna yadda tsoro ya riƙa raguwa: 3,000 na juzu'in farko, 3,250 na biyu, sannan 7,000 na uku.

Ko sunan juzu'in na uku an yi saɓani a kansa. Tolkien ya fi son The War of the Ring, yana ganin sunan da ke cewa sarki ya dawo ya riga ya tona ƙarshen labari. Kamfanin ya rinjaye shi.

Abin da ya jawo jinkirin shi ne alkawari. A gabatarwar juzu'in farko an shaida wa masu karatu cewa na ƙarshe zai zo da rataye na ƙarin bayani da kuma fihirisar sunaye da baƙin kalmomi tare da ma'anarsu. Tolkien farfesa ne na harshe a Oxford, kuma harsunan da ya ƙirƙira sun girmi labarin, don haka wannan sashe ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ratayen da suka fito shida ne, shafi ɗari da ɗoriya: tarihin sarakuna da masu mulki, jerin shekaru da abin da ya faru a cikinsu, salsalar gidajen hobbit (gajerun mutane irin su Frodo), kalandu, haruffa da yadda ake furta su, sai harsuna da al'ummomi. Kowanne sai an daidaita shi da labarin da aka riga aka buga, wanda ba ya gyaruwa kuma. In jerin shekaru ya ce an tashi daga wuri kaza ranar kaza, to dole nisan da ke kan taswira ya yi daidai da abin da ƙafa ko doki zai ci a waɗannan kwanaki, dole ma tsayuwar wata ta dace da daren da aka ambata. Ga kuma tarin rubutun da ya ninka gurbin da aka ba shi, sai ya matse. A Maris 1955 ya rubuta wa Rayner Unwin cewa da ma ba a yi alkawarin ratayen ba.

Fihirisar ce ta fi cin lokaci. Tolkien da kansa ya faɗa daga baya cewa ya yi watanni a kanta, ya gama da juzu'i biyu na farko, kafin ya bayyana cewa girmanta da kuɗin buga ta sun fi ƙarfin kowa, kuma ita ce babban dalilin jinkirin. A ƙarshe littafin ya fito babu ita, sai 'yar sanarwar ban haƙuri daga kamfani.

Taswira ma ta ba da wahala. Wadda aka saka a juzu'i biyu na farko ta yi wa yankin Gondor da Mordor, ƙasashe biyu na cikin labarin, ƙanƙanta, alhali nan ne filin yaƙin ƙarshe. A Afrilu 1955 Tolkien ya yi kwanaki yana sake auna ta, ukun ƙarshe kusan ba ci ba barci, sannan ɗansa Christopher ya zauna awa 24 cur, daga shidan safe zuwa shidan safe, ya zana ta da kyau don a kai maɗaba'a. Sauran ratayen sai a Mayu suka isa. Daga nan aikin ya koma hannun masu jera haruffa na Jarrold & Sons a Norwich, waɗanda tun a juzu'in farko suka riƙa "gyara" wasu kalmomin da marubucin ya rubuta haka da gangan, sai da ya sa aka mayar. Yanzu ga jadawalin baƙaƙen da babu su a kowace maɗaba'a, ga alamomin furuci a kan wasula. Tambayoyin ƙarshe sun same shi yana hutu a Italiya a Agusta, nesa da takardunsa.

Duk wannan lokacin wasiƙu na ta sauka a ofishin kamfanin, wasu na roƙo, wasu na faɗa. Wani mai sharhi a Illustrated London News ya kira jiran da zalunci.

Masu sharhi kuwa sun riga sun ja daga kafin su ga ƙarshe. C.S. Lewis, abokin Tolkien, ya rubuta a mujallar Time and Tide a Agusta 1954 cewa littafin kamar walƙiya ne a sararin da babu hadari. Yabon nasa, har da wanda aka buga a bangon littafin yana kwatanta shi da mawaƙin Italiya Ariosto, bai zama alheri zalla ba, domin Lewis na da maƙiya a cikin 'yan adabi kuma wasunsu sun huce a kan littafin. A Amurka, mawaƙi W.H. Auden ya yabe shi a New York Times a Oktoba 1954. Edwin Muir na jaridar Observer ya yarda aikin na ban mamaki ne, amma ya ce nagari a cikinsa nagari ne tsantsa, mugaye mugaye tsantsa. Wannan ƙorafi shi ne zai yi ta dawowa.

Da juzu'in ya iso hannu, mai karatu bai samu amsar da ya yi wata goma sha ɗaya yana jira a shafin farko ba. Babi goma na farko, wato kashi na biyar na labarin, duk a kan yaƙin Gondor suke, ba a waiwayi Frodo ba, har ma a ƙarshensu jakadan abokin gaba ya fito da sulkensa ya nuna wa abokansa, abin da ke sa a ɗauka ta ƙare. Sai a kashi na shida aka koma hasumiyar. Zoben ya hallaka a babi na uku na wannan kashi, kuma ba Frodo ne ya jefa shi ba. A bakin wutar ya kasa, ya ce nasa ne, Gollum, wanda ya taɓa riƙe zoben a da, ya cije masa yatsa ya faɗa wutar da shi. Bayan haka akwai sauran babi shida: naɗin sarauta, bankwana, komawa gida a tarar an lalata shi, da tafiyar Frodo wanda rauninsa ya ƙi warkewa. Akwai wani babin rufewa da ke nuna Sam da 'ya'yansa, wanda Tolkien ya cire saboda waɗanda suka karanta shi kafin bugu ba su so shi ba. Sai a 1992 aka buga shi.

A ganinmu wannan ƙarshe ya isa ya amsa zargin cewa nagari ba sa karkacewa, amma kusan babu wanda ya sauya matsayi. Lewis ya ƙara yabo a Oktoba 1955. Bernard Levin a mujallar Truth ya sa littafin cikin manyan ayyukan adabi na zamaninsa. Muir kuwa a Nuwamba 1955 ya ƙara zafi, ya ce jaruman duk yara ne da suka sa rigar manya, kuma da ƙyar a samu wanda ya san wani abu game da mata a cikinsu. Tolkien ya ji haushin wannan ƙwarai. Auden, a Janairu 1956 da juzu'in ya fito a Amurka, ya ce da wuya ya tuna littafin da ya yi zazzafar gardama a kansa kamar wannan, domin ba wanda ke tsaka-tsaki, har ya ce ta wata fuskar Tolkien ya yi nasara inda mawaƙin Ingila John Milton ya gaza. Martani mafi kaifi ya zo daga Edmund Wilson a mujallar The Nation a Afrilu 1956, wanda ya ce ya karanta wa 'yarsa mai shekara bakwai littafin kaf, kuma ya kira shi shirmen yara. Masoya littafin ba su manta masa cewa ko sunan Gandalf, ɗaya daga cikin manyan jaruman labarin, bai rubuta daidai ba a sharhin.

Kasuwa ba ta jira a sasanta ba. A farkon 1956 Tolkien ya karɓi kasonsa na farko, sama da fam 3,500, fiye da albashinsa na shekara. Yarjejeniyar da aka ƙulla don kare kamfani daga asara ita ce ta azurta marubucin. BBC ta mayar da labarin wasan rediyo a 1955 da 1956, wanda bai gamsar da shi ba, kuma a 1957 littafin ya ci kyautar International Fantasy Award. A 1961 Philip Toynbee ya rubuta a Observer cewa an riga an manta da waɗannan littattafai, kuma gara haka. Shekara huɗu bayan nan kamfanin Ace Books a Amurka ya buga su da bango mai laushi a kan santi 75 ba tare da izini ba, yana kafa hujja da wata kafa a dokar haƙƙin mallaka. Don a toshe kafar, Tolkien ya yi wa rubutun gyare-gyare, Ballantine ya fitar da halastaccen bugu a kan santi 95, ɗaliban jami'o'i suka yi rububinsa, Ace ya biya diyya ya janye. A wannan bugu da aka gyara, na Amurka a 1965 da na Ingila a 1966, aka saka fihirisa, ita ma ba mai cikakken bayanin kalmomi irin wadda aka yi alkawari a 1954 ba.