Koyar da sigogin waƙa da adon harshe ta hanyar waƙar soyayya: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa waƙar soyayya, alhali ga waƙoƙin wa'azi da na siyasa?

Saboda ɗalibi ya riga ya san harshenta kafin ya zo aji. Yaron da ke Ƙofar Mata ko Kurna da ya taɓa aika wa budurwa saƙo ya ce mata "hasken idona", ya yi siffantawa ke nan, sunan ne kawai bai sani ba. Aikin malami shi ne ya raɗa wa abin suna. In aka fara da jera ma'anoni a allo, za a haddace, a yi jarrabawa, a manta.

Iyaye ba za su ce ana ɓata tarbiyya ba?

Wasu za su ce, kuma a Kano ba magana ce ta wasa ba. Amma a tuna cewa Ka'abu bin Zuhair ya buɗe ƙasidar da ya rera gaban Annabi (SAW) da kukan rabuwa da Su'adu. Burdar Imam Busiri da ake karantawa a zaurukanmu lokacin Mauludi ita ma da hawayen mai bege ta fara. Abin da ke wuyan malami shi ne zaɓe: a ɗauko mai ladabi, a bar mai batsa.

Daga ina ake farawa?

Daga kunne. A rera waƙar tukuna, sannan a ƙirga ɗangwaye, wato layukan kowane baiti. Baiti mai ɗango ɗaya gwauruwa ce, mai biyu 'yar tagwai, daga nan ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Sai amsa-amo, wato sautin da ɗangwaye ke ƙarewa da shi: babba shi ne wanda ke rufe kowane baiti tun daga farko har ƙarshe, ƙarami kuwa yana cikin baiti, yana sauyawa daga wannan zuwa wancan. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

To kari fa, wanda kowa ke tsoro?

Nan ne soyayya ke yi wa malami rana. Kari shi ne ma'aunin da ake ɗora gaɓoɓin ɗango a kai. Iliminsa, wato aruli, na Halilu bin Ahmad ne, mutumin Basra, wanda ya tsara karuruwa 15, aka ƙara Mutadarik daga baya suka zama 16. Marubuta waƙoƙin Hausa sun ari da dama daga ciki, domin Hausa ma tana bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Ɗauki kalmar "masoyi": ma sassauƙa ce, so da yi masu nauyi. Wannan jerin gaɓoɓi shi ne fa'ulun, ƙafar da ake maimaitawa a karin Mutaƙarab. A sa ɗalibai su tafa hannu suna maimaita "masoyi" sau huɗu, sannan a ɗora musu wannan a kan kiɗan:

Idan kin yi nisa idona ruwa ne,
Idan kin kusato a raina biki ne.

Kowane ɗango ƙafa huɗu cif. In wani ya cire "ruwa" ya sa "hawaye", hannu zai yi tuntuɓe, ajin duka su ji karayar kari ba tare da an yi dogon bayani ba. Amsa-amon "ne" kuwa na rago ne, tunda kusan kowace jimla za ta iya ƙarewa da shi. A karɓe shi a makon farko kawai.

Yaya ake raba kamantawa da siffantawa?

Kalmar kamance ce alƙali: kamar, tamkar, ya, fi. "Muryarki kamar sarewa" kamancen daidaito ne. "Kin fi zinariya tsada" na fifiko ne. "Wata bai kai ki haske ba" na kasawa ne. Da an cire kalmar aka ce "idona ruwa ne", an shiga siffantawa. In aka ce "zuciyata ta yi yaji ta koma gidanku", an ba zuciya halin matar aure, mutuntarwa ke nan. In masoyi ya ce hawayensa ya cika madatsar ruwa ta Tiga, kambamar zulaƙe ce. Yawancin waɗannan sunaye sun bazu ne ta hannun Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero, kuma su ake amfani da su a sakandare da kwalejojin ilimi.

Za a iya kawo waƙoƙin fim cikin aji?

Ƙwarai, a sa su gefe da rubutacciyar waƙa a gwada. Ɗalibi zai gane da kansa cewa a ta fim kiɗa kan rufe wa ɗango asiri in ya gaza, a takarda kuwa babu mai rufa masa.

In ɗalibai suka rubuta tasu, me za a duba?

Kashi mafi yawa zai zo cike da wata da tauraro da zuma da madara. Ba laifi ba ne, amma an tauna su har sun salance. Malami ya hana waɗannan huɗun na mako guda, ya ce kowa ya nemo kamance daga abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa makaranta. A nan za a ji wani ya kwatanta jiran amsar budurwa da cunkoson Kantin Kwari ana gobe Sallah, wata ta ce alkawarin saurayi ya kama ta kamar shunin marinar Ƙofar Mata. Wanda ya kawo irin wannan, ko karinsa ya ɗan karye, a ba shi maki fiye da mai wata da tauraro.