Dokar Auna Kwantena Kafin a Ɗora Ta a Jirgin Ruwa

Tun daga ranar 1 ga Yuli, 2016, ba a yarda a ɗora kwantena mai kaya a jirgin ruwan da zai je wata ƙasa ba, sai an tabbatar da ainihin nauyinta an kuma miƙa shi a rubuce. Wannan ƙa'ida gyara ce da aka yi wa yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar jirgin Titanic, aka kuma sabunta ta a 1974. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, mai hedikwata a Landan, ita ta amince da gyaran a watan Nuwamba na 2014.

Mai tsara lodin jirgi ba ya buɗe kwantena ya ga abin da ke ciki, da adadin da aka rubuta masa kawai yake aiki. Da shi yake sanin waɗanda za su zauna ƙasa da waɗanda za a jera a bisa, domin masu nauyi ake sa wa a ƙasa. Idan aka rubuta tan 10 alhali kwantenar ta kai tan 25, to za ta iya hawa can sama, ta danne na ƙarƙashinta, ta tsinke sandunan ƙarfen da aka ɗaure jerin da su, ko ta sa jirgin ya karkata a lokacin da igiyar ruwa ta tsananta. Masu ɗaure kaya a tasha da ma'aikatan jirgi su ne rayukansu ke cikin haɗari, kuma ba su da hannu a ƙaryar da aka rubuta.

An ga girman matsalar a Janairun 2007, lokacin da jirgin MSC Napoli ya tsage a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Masu bincike sun auna kwantenoni 660 da ke saman jirgin, suka tarar 137 daga cikinsu sun saɓa da abin da aka rubuta da fiye da tan 3 kowace.

Dokar ta ɗora alhakin a wuyan mai aika kaya, wato wanda sunansa ke kan takardar shaidar lodi, ko da wani ne ya cika kwantenar a madadinsa. Hanya biyu aka ba shi. Ko dai ya auna kwantenar gaba ɗaya bayan an cika ta an rufe, a kan ma'aunin da hukuma ta tantance, ko kuma ya auna kowane ƙunshin kaya, da katakon da aka ɗora kayan a kai, da duk abin da aka tokare su da shi, sannan ya haɗa da nauyin kwantenar ba kaya, wanda ke rubuce a ƙofarta. Hanya ta biyu ba ta dace da kayan da ake zubawa hakanan ba, kamar tarkacen ƙarfe ko hatsin da ba a sa a buhu ba. Kintace haramun ne a kowace hanya. Adadin da aka samu, wanda masu harkar ke kira VGM, dole ne ya zo da sa hannun wakilin mai kaya, kuma ya isa ga kamfanin jirgin da tashar da wuri, yadda za a yi tsarin lodi da shi.

Kwantenar da ta iso babu wannan adadi ba za ta hau jirgi ba. Tasha na iya auna ta, amma yawanci mai kaya ne zai biya, kuma idan jirgin ya tashi ya bar ta, kuɗin ajiya ma yana jiransa.

A ganina raunin dokar yana wajen aiwatarwa. IMO ba ta cin tarar kowa, kowace ƙasa ce ke tsara hukuncinta da kuma yawan bambancin nauyin da za ta yafe, shi ya sa tsananin ya bambanta daga wannan tasha zuwa waccan. Hanya ta biyu kuwa ta dogara ne da gaskiyar mai lissafi, saboda haka ya kamata tashoshi su riƙa sake auna wasu kwantenoni ba tare da sanarwa ba.