Kayan Adon Naɗaɗɗen Littafin Attaura a Majami'un Yahudawa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane littafi ne ake yi wa wannan ado?

Shi ne naɗaɗɗen littafin da Yahudawa ke kira Sefer Tora, wanda ya ƙunshi littattafai biyar na Annabi Musa cikin harshen Ibrananci. Ƙwararren marubuci ne yake rubuta shi da hannu a kan fatar dabbar da addininsu ya halatta, kuma haruffansa 304,805 ne, don haka aikin yakan ci shekara guda ko fiye. Ana ɗinke fatun su zama doguwar shimfiɗa, a naɗe ta a jikin sanduna biyu da ake kira "itatuwan rai". A kowane mako ana fito da shi a karanta ranakun Asabar da Litinin da Alhamis, da kuma ranakun bukukuwa.

Me ya sa adon duk yake a waje?

Dalili shi ne dokokin rubutun ba su bar wa zayyana gurbi ba. Da baƙar tawada ake rubutawa, babu wasula, babu hoto, har Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce idan aka rubuta sunan Ubangiji da ruwan zinariya, littafin bai cancanci a karanta da shi ba. A lokaci guda kuma malamansu sun fahimci ayar Littafin Fitowa (littafi na biyu na Attaura) 15:2 da cewa umarni ne na ƙawata kayan ibada, suka ambaci naɗe Attaura da alharini mai kyau. Da ciki ya ƙi karɓar ado, sai maƙeran azurfa da masu surfani suka zube gwanintarsu a kan suturar littafin.

Waɗanne ne manyan kayan adon?

Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne rimonim, wato kawunan azurfa guda biyu da ake zura wa bakin sandunan. Ma'anar kalmar ita ce rumman, kuma tushenta ɗaya da kalmar Larabci da Hausa ta aro. Galibi ana rataya musu ƙananan ƙararrawa, domin Littafin Fitowa sura ta 28 ya bayyana cewa an yi wa gefen rigar Annabi Haruna, babban firist, ado da siffar rumman da ƙararrawar zinariya. Ƙararrawar tana da amfanin zahiri ma, tun da jama'a na jin motsinta su miƙe tsaye. Da tafiya ta yi nisa siffar rumman ta ɓace a wurare da yawa: a Amsterdam da Italiya an riƙa ƙera su kamar hasumiya mai hawa-hawa, amma sunan bai canja ba.

Akwai kuma kambi, wanda ke rufe sandunan biyu gaba ɗaya, sai farantin azurfa da ake ratayawa da sarƙa a gaban littafin. A ganina wannan faranti ya fi kowanne nuna yadda buƙata take haifar da ado. Majami'a takan mallaki littattafai da dama, kuma kafin ranar biki ana naɗe kowanne zuwa inda za a karanta, sai aka yi wa farantin ƙaramar taga da ake sa ɗan allo mai sunan bikin, don kada a ɗauko wanda ba shi ba. Daga baya aka cika shi da zanen zakuna, alamar ƙabilar Yahuza, da ginshiƙai biyu na Haikalin Annabi Sulaiman.

Mene ne amfanin ɗan sandan nan mai siffar hannu?

Sunansa yad, wato hannu. Mai karatu yana bin layi da shi, domin ba a taɓa fatar da yatsa, girmamawa ga littafin da kuma kare tawadar daga gumi.

Shin salon iri ɗaya ne a ko'ina?

A'a. Yahudawan Turai suna sa wa littafin riga ta karammiski ko alharini, su tuɓe ta, su kwantar da shi a kan tebur kafin karatu, kuma a lokacin sabuwar shekararsu da ranar Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, sukan sauya ta da fara. Na Iraƙi da Iran da Yaman da Indiya kuwa suna ajiye shi cikin akwati mai siffar ganga da ake kira tik, na katako ko wanda aka dalaye da azurfa, wanda a wurare da yawa ake buɗe shi a tsaye a yi karatu ba tare da an ciro littafin ba.

Yahudawan Jamus suna da wata al'ada mai taɓa zuciya. Zanen da aka naɗe jariri da shi ranar kaciya ana yanka shi, a haɗa shi ya zama dogon ɗamara, a rubuta sunan yaron da ranar haihuwarsa da addu'ar ya girma cikin Attaura da aure da kyawawan ayyuka. Idan ya ɗan tasa, sai a kai shi majami'a ya miƙa ɗamarar, a riƙa ɗaure littafin da ita.

Su wa suka ƙera waɗannan kaya, kuma ina tsofaffin suke?

A biranen Turai da dama an hana Yahudawa shiga ƙungiyoyin maƙera, saboda haka Kiristocin maƙera na Augsburg da Nuremberg da Venis ne suka ƙera kaso mai yawa bisa odar Yahudawa. A Amurka kuwa, Myer Myers, Bayahuden maƙerin azurfa na New York da ya rayu daga 1723 zuwa 1795, ya ƙera wa majami'un Newport da Philadelphia rimonim. Daga cikin mafi tsufa da suka saura akwai na ƙarni na 15 daga tsibirin Sisili na Italiya, waɗanda bayan korar Yahudawa daga tsibirin a 1492 suka ƙare a babbar cocin Palma da ke tsibirin Mayorka na Sifen.

'Yan Nazi sun wawashe dubban irin waɗannan kaya, an narkar da wasu, wasu kuma an tara su a birnin Prague, inda gidan tarihin Yahudawa ke adana su har yau. Daga tarin na Prague ne aka kai naɗaɗɗun littattafai 1,564 zuwa majami'ar Yahudawa ta Westminster da ke Landan a 1964, aka gyara waɗanda za su gyaru, aka rarraba su aro ga majami'u a ƙasashe daban-daban.